Ɗan Makaɗin da Aka Tono a Manshiya

Jan fenti na fara hangowa. Ɗan ɗigo ne, bai fi jinin da ke fita idan allura ta soki yatsa ba, a kan wani tsohon buhun siminti da aka shimfiɗa a tsakiyar fili. Maza wajen goma sun kewaye buhun daga nesa, kowa riƙe da shebur ko diga, amma babu mai aiki. Ni an kira ni ne in liƙe tankin ruwan magina da ke yoyo, a wani gida da ake ginawa can ƙarshen unguwar Manshiya. Na ajiye jakar kayan aikina, na matsa kusa. Abin da ke kan buhun ɗan mutum ne na gwangwani, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, yana rungume da ganga. Tsatsa ta cinye fuskarsa gaba ɗaya, ta bar masa jar rigarsa. A bayansa, daidai tsakanin kafaɗu, wani ƙarfe mai kunne biyu ya nutse a jikinsa.

"Kada ka taɓa, Lawali," in ji Dogo, shugaban leburorin. "Binne ne, sammu aka yi."

Kafin in gaya muku yadda aka ƙare, sai kun san ko ni wane ne a lokacin. Ku samarin da kuke zama a bakin rumfata kuna shan shayi, kun ɗauka aikin mai liƙi ba wani abu ba ne: a sa ƙarfe a wuta, a ɗiga dalma, a miƙa wa mai kaya. Shekaranjiya na ji ɗayanku yana cewa mako guda ya ishe shi ya koya. Ni shekara huɗu na yi kafin a bar ni in liƙe butar da za a mayar wa mai ita.

Daga Damagaram na zo Sabha, a saman kamiyo, babbar motar kaya, a shekarun da arzikin man fetur ya tashi. Sabha a lokacin kamar amarya take da ake yi wa sabon ɗaki kowace safiya. Ka kwana kana kallon fili, ka tashi ka ga an kafa harsashi. Duk wanda ya zo daga wajenmu gini yake faɗawa, ni ma wata guda na yi ina ɗaukar bulo, bayana ya ƙi. Wata rana na tsaya a inuwar wata rumfa ina kallon wani tsoho yana gyaran risho, na daɗe har ya ɗago ya ce mini da Hausa, "In kallo za ka yi, zauna ka riƙe mini wannan." Shi ne Usta Barka, usta kuwa shi ne gwanin sana'a a bakin mutanen nan. Mutumin Fezzan ne, amma uwarsa daga Kano ta zo cikin ayari tun tana ƙarama, shi ya sa Hausarsa irin ta kakata ce, tsohuwa, da Larabci tsarme a ciki. Bai taɓa kira na da sunana ba, sai Damagaram.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba, su ne kuma kuke gani a gabana yau. Ƙarfen liƙi guda uku masu kan jan ƙarfe, babba da matsakaici da ɗan siriri. Almakashin gwangwani, awartaki, magagari, ƙaramar guduma, guntun ƙarfen mota da ya mayar uwar maƙera, kaskon gawayi, sandunan dalma, da kwalbar sinadari wadda yake tsoma gashin kaza a ciki. Shekarata ta farko ban riƙe ƙarfen liƙi ba. Kankara kawai nake yi. In kankare bakin huda har ta yi haske, ya shafa da babban yatsa ya ce, "Da saura." A shekara ta biyu ya fara jefo mini guntayen gwangwani, ya ce in rufe ido in faɗa masa ko na mene ne. Wannan mai kauri na garwar fetur ne na zamanin Italiya. Wannan na kifin gwangwanin sojan Faransa. Wannan mai laushi kamar takarda na madarar bana ne. Ina ganin wasa yake yi da ni, ashe karatu yake koya mini.

Akwai wani lagireto da ba na mantawa, na wani direba ɗan Agadas mai bin hanyar Sahara. Hudar ba ta fi bakin allura ba. Na liƙe ta cikin ɗan lokaci, na ji daɗin kaina. Usta ya sa aka cika shi da ruwa, ya ajiye a rana tun hantsi har azahar, sa'an nan ya nuna mini wani ɗan danshi a gefen liƙina. Ya narkar da aikina gaba ɗaya a gaban direban, ya sake da hannunsa. Da ya zo ƙarshe sai ya ɗan murɗa wuyan hannu ya ɗauke ƙarfen, dalmar ta ƙare da 'yar lanƙwasa kamar ƙugiya. Haka yake ƙare kowane liƙi. Ya ce wurin maigidansa ya koya a Murzuk, don kada ɗigon ƙarshe ya ja wutsiya ya bar kafa. Direban ya tafi, Usta ya ce, "Kwana uku zai yi bai ga rijiya ba. Ruwan da ke cikin wannan ƙarfen shi ne ransa." Ranar ban ci abinci ba.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Mata su aiko da risho da fitilar ƙwai, masu shayi su kawo butoci, manoma su kawo bokiti da mazurari. Sai shekarar da roba ta zo. Motoci suka rinƙa sauke ta daga bakin teku, bokiti ja, buta shuɗiya, bahon wanki kore, ga araha ga rashin nauyi. Mutumin da bokitinsa ya huje ya daina neman mai liƙi, sai ya jefar ya sayi na roba. Muna iya wuni tun safe har la'asar ba wanda ya tsaya, sai in hura gawayi don kawai a ga hayaƙi a san muna nan. Masu liƙi biyu da ke layinmu suka rufe, ɗaya ya koma gadi. A shekarar ce kuma ciwon yana ya rufe idanun Usta, ya zama ba ya ganin komai sai haske da duhu. Yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi, ni ina karanta 'yan littattafan labarai da direbobi ke kawo mini, na sarakuna da masoya da aka raba. Ranar Juma'a in aka rufe rumfa ba ni da inda zan je, sai in koma ɗaki in ƙarasa littafin, in sake farawa. Shi ya sa da aka ce akwai tanki mai yoyo a Manshiya, da sauri na tafi.

Wanda ake zargi da binnen yana zaune shi kaɗai a gindin tarin bulo, hannuwansa a kan gwiwa. Sunansa Shu'aibu, mutumin Tanut, makiyayi ne da fari ya kashe wa shanu. Watansa bakwai a Sabha. Ba ya shiga tukunyar taro, ba ya hira, shayinsa ma shi kaɗai yake dafawa. Makonni kafin nan ya fasa bututun ruwa da diga, mai gidan, Haj Miftah, ya zage shi a gaban jama'a, har ya kira shi jaki. Shu'aibu ya dai dube shi kawai. Bayan haka bango ɗaya ya tsage, 'yar Haj ƙarama ta kwanta da zazzaɓi. Kuma kowa ya shaida cewa kullum da safe Shu'aibu yana zuwa kusurwar gabas ta filin ya durƙusa yana tona ƙasa da hannu. To a wannan kusurwar aka zo haƙa ramin masai, aka ci karo da ɗan mutumin, naɗe cikin ƙyalle, ɗaure da zare.

"Sukari nake binnewa," in ji Shu'aibu, a hankali. "Kiyashi ke shiga mini. Ƙasa ta fi sanyi."

An tona an ga gwangwanin sukarin kuwa, kamu guda daga inda aka sami abin. Dogo ya yi dariya. "Ai dole ka sa sukari a sama, malam. Wa zai binne mugun abu bai yi masa murfi ba?"

Na ce musu wannan ba asiri ba ne, abin wasan yara ne irin na Turawa. Ƙarfen da ke bayansa makulli ne, ana wana shi kamar agogo, sai ɗan mutumin ya kaɗa gangarsa.

"Abin wasa," in ji Dogo. "A naɗe, a ɗaure, ba fuska, an soke shi a baya, kamu uku cikin ƙasa. Kai Lawali littattafan nan sun ɓata ka. A garinku haka yara ke wasa?"

Haj Miftah yana tsaye jikin farar motarsa. Saurayi ne a lokacin, bai fi talatin da 'yan kai ba, kwangila ta buɗe masa. Ba mugu ba ne, amma kwana shida 'yarsa ba ta ci ba. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Wasa ko ba wasa, ni ba ruwana. Shi ya sa a ƙasana. Gobe bayan la'asar shurɗa za su zo." Shurɗa su ne 'yan sanda, Shu'aibu kuwa ba shi da iƙama, takardar zama. Kowa a wurin ya san abin da zai biyo baya: kurkuku tukuna, sa'an nan mota zuwa iyaka, sunan mai sammu kuma ya riga shi isa Tanut.

A nan na gane ba mene ne abin ake tambaya ba, yaushe aka binne shi ake tambaya. Na ce, "Ya Haj, ba ni shi zuwa gobe. In bana aka binne shi, ni da kaina zan faɗa." Ya ɗaga kafaɗa. Na naɗe ɗan makaɗin a buhun, na ɗauki gwangwanin sukarin ma. Da na fito, mutanen da muka saba tafiya tare suka bar mini hanya da faɗi.

Kafin in isa rumfa na riga na tsara labarin duka a kaina. 'Yar wani attajiri ce, masoyinta ya kawo mata daga bakin teku, aka raba su, ta binne shi da hawaye. Na fara zuba wa Usta, ya ɗaga hannu.

"Damagaram, ajiye tatsuniya, ɗauko kananzir. Kada ruwa ya taɓa shi."

Ga yadda ake yi, ku saurara. Tsohon gwangwani da ya fito daga ƙasa ba a wanke shi, ba a kankare shi, ba a gwada juya makullinsa. Kananzir ake ɗiga masa da gashin kaza, a bar shi ya sha, a share da tsumma mai laushi, a sake. Tun azahar nake yi har inuwar rumfa ta kai tsakiyar titi. A hankali jar rigar ta fito, da maɓallai masu ruwan zinariya, da baƙin wando. Ba da burushi aka shafa fentin ba, bugawa aka yi a jikin gwangwanin tun yana shimfiɗe. Gaba da baya kuma ba liƙa su aka yi ba, wasu 'yan kunnuwa ne aka zura a kafa aka lanƙwashe. A gindinsa akwai rubutun boko, amma tsatsa ta bar harufa uku kawai, ba su gaya mini komai ba. Ina yi ina faɗa wa Usta abin da nake gani, shi yana gyaɗa kai.

"Kaurinsa fa?"

"Ya fi na madara. Ya kusa na garwa."

"To ba na yanzu ba ne. Amma tsohon abu ana iya binne shi jiya. Duba tsatsar."

Na ajiye gwangwanin sukarin kusa da shi. Wata bakwai yana shiga wannan ƙasar yana fita. Tsatsarsa ruwan ɗorawa ce, gari-gari, ka shafa ta biyo yatsa, ƙarƙashinta ƙarfe na haske. Ta ɗan makaɗin baƙa ce, hawa-hawa kamar ɓawon itace, ta haɗiye yashi da gishirin ƙasa har sun zama jiki ɗaya, ga kuma zanen saƙar ƙyallen ya zauna a cikinta. Wannan ba aikin wata bakwai ba ne. Amma na san Dogo zai ce ido ne kawai, kowa da nasa.

Sai na ɗaga kunnuwa biyu da bakin tsinke, a hankali, ina addu'a kada su karye, na leƙa ciki. Sifirin ɗin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen da makulli ke wanawa, ya ruɓe. A jikinsa wani abu ya nannaɗe kamar zaren buhu, ya shiga ta kafar makulli, ya zagaya, ya fita ta ƙafa. Na ja kaɗan, ya karye a hannuna, busasshe ƙayau. Na sa wa Usta a tafin hannu. Ya murza, ya sansana.

"Saiwar dabino ce. Akwai dabino a filin?"

"Ko ɗaya. Sai yashi da bulo."

"To ka gani. Saiwa ba ta shiga abu sai itacen yana da rai. Ba ni shi nan."

Ya karɓi ɗan makaɗin, ya rinƙa bin sa da babban yatsa, kai, kafaɗa, hannuwa, har ya zo ƙarƙashin gangar. A nan yatsan ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi. Ni na ga wurin tun ɗazu, wani ɗan faci ne mai faɗin farce, na ɗauka haka aka ƙera shi. Na goge shi da kananzir na duba da kyau. Guntun gwangwanin kifi ne, an liƙe shi da dalma siririya kamar zare. A ƙarshen liƙin akwai 'yar lanƙwasa kamar ƙugiya.

Usta ya karɓa ya sake shafa ƙugiyar. Can ya ce, "Filin wa ka ce?"

"Haj Miftah. Gadon ubansa ne, in ji su."

"A kusurwar gabas akwai dabino uku, da 'yar rijiya. An sare su shekarar da aka ja titi." Ya miƙo mini ɗan makaɗin. "Gobe za ka kai ni."

Shekara guda ke nan bai wuce masallacin layinmu ba. Washegari bayan azahar ya sa farar rigarsa, ya dafa kafaɗata, muka taka har ƙarshen Manshiya, muna tsayawa a kowace inuwa. Mun tarar Shu'aibu yana inda na bar shi, kamar bai motsa ba. An ajiye masa ruwa nesa da shi, a ƙasa.

Na jera kayan a kan buhu, na nuna musu tsatsa biyu, na nuna saiwar. Na tambayi Haj yaushe aka sare dabinon wurin. Ya ce yana makaranta a lokacin. Na ce to a lokacin Shu'aibu yana bayan shanunsa a Tanut, bai san akwai wani gari Sabha ba.

Dogo ya ce, "Saiwa dai saiwa ce. Mai asiri ba ya rasa saiwa."

Usta ya juya fuskarsa wajen muryar. "Kai dogo, daga sama nake jin ka. Kawo yatsanka." Dogo ya ƙi. Sai Haj ya miƙa nasa, Usta ya kama ya ɗora a kan facin. Ya yi masa magana da Larabci, a hankali, ni ina fassara wa mutanenmu. Ya ce wannan liƙin nasa ne, ya yi shi yana da ƙarfinsa, lokacin da sojan Faransa ke zaune a ganuwar kan dutse. Wani mai gona ne ya zo da ɗansa a kafaɗa, yaron yana kuka don gangar ta huje ta daina ƙara. Wani soja ne ya ba shi, a bakin dabino da uban ke kai musu. Yaron bai yarda ya saki abin ba, sai da aka yi liƙin yana riƙe da ƙafar.

"Sunan yaron ya ɓace mini," in ji Usta. "Uban dai naka ne. Hajiya tana da rai?"

"Tana gidana, a unguwar Sukra."

"To je ka tambaye ta. Kada ka nuna mata a tsaye. Ka bari ta zauna."

Haj ya naɗe abin a hularsa, ya shiga mota. Muka zauna jira. Aka yi kiran la'asar, muka yi salla, Shu'aibu ya yi tasa a bayan sahu, da tazara. Duk motar da ta shigo layin sai kowa ya ɗaga kai ya ga ko ta shurɗa ce. Shu'aibu kaɗai bai ɗaga ba.

Farar motar ce ta dawo, shi kaɗai a ciki. Ya fito, ya tsaya kamar ya manta abin da ya kawo shi. Ya ce, "Abdussalam. Wana ne. Na san an yi shi, amma ba a faɗin sunansa a gidanmu. Ƙyanda ta kashe shi ina goye." Ya ce tsohuwar ta kasa kallon abin, ta kasa ba wani yaro, ta kasa jefarwa. Sai ta naɗe shi a rigar yaron ta binne a gindin dabinon da yake wasa, ba ta gaya wa ko mijinta ba. Ƙyallen da muka ga ya zama gari, rigar ce.

Ya taka har gindin bulo, ya durƙusa, ya kama kan Shu'aibu ya sumbace shi a goshi. "Yafe ni, ɗan'uwa. Na zalunce ka." Shu'aibu ya ce, "Ba komai, Alhaji." Ya tashi, ya kaɗe wandonsa, ya zo wurina ya ce, "Sukarina fa?" Na miƙa masa.

'Yar Haj ta warke bayan kwana biyu, da allurar likita. Bangon kuma magini ne ya rage siminti. Bayan mako guda Haj ya dawo da ɗan makaɗin, ya ce ko zai sake kaɗawa. Usta ya ce in yi duk abin da zan yi, amma kada in taɓa facin. Kwana huɗu na yi a kansa. Na ciro sifirin daga wani mataccen agogon tebur, na rage shi, na gyara haƙoran da magagari, na ƙera sabuwar sandar kiɗa guda da waya don ta hagu ta ruɓe. Fuskar ban yi mata komai ba, don ban san irin wadda yake da ita ba. Na kai shi Sukra da kaina. Haj ya karɓa ya shiga ciki, ni na tsaya a bakin ƙofa, kamar yadda ya kamata. Gidan shiru. Can na ji shi ta bayan bango, tak, tak, tak-tak, siririyar ƙara kamar ɗigon ruwa a kwano. Ya tsaya. Aka sake wana shi. Sau uku na ji, ban ji muryar kowa ba. Ban taɓa ganin tsohuwar ba. Na ɗauki jakata na koma rumfa, sai a hanya na tuna ban liƙe tankin nan ba har yau.

A littattafan da nake karantawa, nan ake rufe labari. Amma mutanenmu ba su rufe ba. Suka ce, to, ba shi ya binne ba, amma duk faɗin filin nan, me ya kai shi tona daidai wurin? Ashe yana gani har ƙarƙashin ƙasa. Dogo bai ƙara zarginsa a fili ba, sai dai a ɗakin da suke kwana tabarmi suka rinƙa ja da baya, har ya zama shi kaɗai a kusurwa. Ba mai karɓar kofin shayi daga hannunsa. Na iya nuna musu shekarun tsatsa, wannan kuwa ban sami abin da zan ɗora a kan buhu in nuna ba. Bayan wata guda Haj ya samo masa aikin ban ruwa a gonar dabinon wani ɗan'uwansa a garin Zighan. Ya tafi da safe a bayan motar taki, da tabarmarsa da butarsa. Ni kaɗai na raka shi.

Usta Barka ya rasu bayan shekara biyu, ya bar mini jakar nan. Roba ba ta kashe sana'ar ba, ta dai rage ta, muka koma kan lagireto da tankuna. In kun duba duk abin da ya fita daga rumfar nan za ku ga ƙugiyar a ƙarshen liƙi. Wanda ya ce zai koya a mako guda, ya zo gobe da safe, akwai bokitin da za a kankare.

Shu'aibu kuwa sai bayan shekara goma sha wani abu na sake ganinsa. An kira ni Zighan gyaran tankin wata gona, da na gama na tambaya, aka nuna mini hanya. Gonar tana can ƙarshen gari, daga ita sai yashi. Na same shi yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, gemunsa ya yi fari. Bai koma Tanut ba ko sau ɗaya. Ya gane ni nan take, ya shimfiɗa mini tabarma, ya hura wuta. A kan katangar bukkarsa ya jera duk abin da fartanya ta taɓa tono masa: ƙusoshi, murfin gwangwani, guntun kofato, rabin cokali. Ya ce ko zan duba masa shekarunsu. Na duba, na faɗa masa abin da na iya.

Da shayi ya nuna, ya miƙe ya nufi wani dabino. A jikinsa, daidai tsayin ido, gwangwanin sukari ne rataye da waya, rana tana dukansa. Ya buɗe, kiyashi sun yi baƙi a ciki. Ya rinƙa hure su, yana tsince sauran da yatsa.

Na ce, "Malam Shu'aibu, ai ƙasa ta fi sanyi."

"Ta fi," in ji shi. "Amma gara a nan, inda kowa zai gani."

Na duba gabas, na duba yamma. Dabino ne, da ruwa yana bin hanyarsa, da yashi har inda ido ya tsaya. Ya zuba mini kofin farko, na karɓa daga hannunsa na sha.